Hannu Uku a Jikin Dutse Ɗaya: Gyaran da Aka Yi wa Sassaƙe-Sassaƙen Romawa na Tatsuniyoyin Girka

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin Turai, ko kuwa darasin zane da sassaƙa, ya san hotunan nan na mutum-mutumai farare da suka cika littattafan karatu: Afolo a tsaye ya miƙa hannu, Hakulis ya jingina da kulkinsa, Lawokon da 'ya'yansa biyu macizai sun nannaɗe su. A ƙarƙashin kowane hoto akan rubuta cewa aikin Girkawa ne, mu kuma mu karanta wa ɗalibai haka nan. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa wannan bayani bai cika ba. Yawancin waɗannan mutum-mutumai sun bi ta hannun mutum uku kafin su iso gare mu. Na farko shi ne Bagirken da ya ƙago siffar. Na biyu shi ne masassaƙin zamanin daular Rum wanda ya kwafe ta a farin dutsen nan mai sheƙi da ake kira mabul. Na uku shi ne mai gyara, wanda ya zo bayan shekara dubu da ɗoriya ya tarar da dutsen a kakkarye, ya ƙara masa hannu ko ƙafa ko kai gwargwadon fahimtarsa.

A kan wannan hannu na uku za a fi tsayawa. Za a duba dalilan da suka sa aka yi gyaran, da yadda aka yi shi, da misalai uku na abin da ya haifar, sa'an nan a duba gardamar da ta biyo baya game da cire shi ko barinsa.

2.0 Daga Tagulla Zuwa Mabul

Manyan masassaƙan Girka na ƙarni na 5 da na 4 kafin Miladiyya (K.M.), irin su Miron da Folikilitos da Lisifos, da tagulla suka yi fitattun ayyukansu. Tagulla kuwa ƙarfe ne mai tsada wanda ake iya narkewa a yi kuɗi ko makamai ko tukwane da shi, don haka kusan dukkan ayyukan nan sun ƙare a maƙera. 'Yan kaɗan da suka tsira galibi haɗari ne ya ɓoye su, kamar mayaƙan nan biyu da aka tsamo daga teku kusa da Riyace, a kudancin Italiya, cikin 1972.

Romawa sun fara sanin daɗin sassaƙar Girka ta hanyar ganima. Bayan sun ci birnin Sirakusa wajen 212 K.M., da kuma Korinti a 146 K.M., sun kwaso mutum-mutumai masu yawa zuwa Rum. Da sha'awar ta yaɗu, ya zamana kowane attajiri yana son ya ƙawata lambunsa ko zaurensa, sai ganima ta kāsa, masassaƙa suka shiga yin kwafi. Yadda suke yi shi ne a shafa wa na asali wani abu a ɗauki siffarsa, a zuba filasta a sami samfuri, sa'an nan a riƙa auna samfurin gaɓa gaɓa ana mayar da awon a jikin dutse. An sami shaidar wannan aiki cikin 1954 a Baya, kusa da Nafoli, inda aka tono ɗaruruwan gutsattsarin filasta na wani wurin sassaƙa, waɗanda aka zuba daga shahararrun ayyukan Girka.

Amma fa dutse ba tagulla ba ne. Mutum-mutumin tagulla cikinsa kogo ne, ba shi da nauyi sosai, yana iya tsayawa da ƙafa ɗaya ya miƙa hannu yadda ya ga dama. Mabul yana da nauyi kuma yana da saurin tsagewa. Wannan ne ya sa mai kwafi yakan ƙara kututturen itace a gefen ƙafa, ko ya bar wani ɗan dutse ya tokare hannu da cinya. Ke nan tun a hannu na biyu siffar ta riga ta soma sauyawa. Kuma duk da tokaren, idan mutum-mutumin ya faɗi, gaɓoɓin da suka fito waje su ne ke fara karyewa, watau hannuwa da hanci da wuya da idon sawu. Bayan rushewar daular Rum ta yamma an yi ƙarnoni ana fasa irin waɗannan duwatsu ana ƙonawa domin a sami farar ƙasa ta gini. Abin da ya tsira shi ne wanda ƙasa ta binne, shi ma ba safai yake fitowa da gaɓoɓinsa cif ba.

3.0 Dalilan Gyara da Hanyoyinsa

Daga ƙarshen ƙarni na 15 aka shiga tono kufan Rum da himma. Fafaroma da kadinal-kadinal da manyan gidaje irin su Farnese da Borghese da Ludovisi suka shiga gasar tara abin da aka tono. Su kuwa ado suke nema, ba su ga amfanin a girke gangar jiki marar kai a tsakar fada ba. Wannan shi ne dalili na farko. Na biyu shi ne batun suna. A sassaƙar Girka ana gane allolin tatsuniya da jarumanta ne ta abin da suke riƙe da shi: Afolo da baka ko molo, Hakulis da kulki da fatar zaki, Atina da mashi da garkuwa. To, abin riƙo a hannu yake, hannu kuwa shi ke fara karyewa. Saboda haka duk wanda ya ɗora sabon hannu, shi ne ya raɗa wa mutum-mutumin suna. Dalili na uku ciniki ne. A ƙarni na 18 'ya'yan masu sarauta na Ingila sun mai da ziyarar Italiya wani sashe na karatunsu, kuma kowa yana so ya koma gida da tsaraba. Cikakken mutum-mutumi mai sunan wani jarumi ya fi guntu marar suna kuɗi nesa ba kusa ba.

Ba ƙananan ma'aikata aka riƙa ba wannan aiki ba. Bernini, wanda babu kamarsa a Rum a zamaninsa, shi ya gyara mutum-mutumin Ares na gidan Ludovisi a 1622. A ƙarni na 18 gyara ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma wanda ya fi shahara a cikinta shi ne Bartolomeo Cavaceppi, wanda ya rasu a 1799. Ya buga littafi mai juzu'i uku tsakanin 1768 da 1772 ɗauke da zanen ayyukan da ya gyara, wanda ya zame masa talla a wurin masu saye na ƙetare.

Hanyar aikin ita ce: mai gyara ya fara gina gaɓar da ta ɓace da yumɓu a jikin dutsen, in ta yi masa daidai sai ya sassaƙa ta a mabul mai kama da na asali. Daga nan ya daddatse bakin karayar ya daidaita shi, ya huda rami a ɓangarorin biyu, ya sa ƙusar ƙarfe, ya zuba darma ko ƙaro ya riƙe. Domin kada a ga bambancin tsoho da sabo, sai a goge tsohon har ya yi fari, sabon kuma a rina shi, wani lokaci da ruwan taba. Abu biyu ne suka biyo bayan wannan. Datse bakin karaya yana shafe alamar da za ta nuna inda gaɓar asali ta dosa. Ƙusar ƙarfe kuma idan ta sha danshi takan yi tsatsa ta kumbura, ta tsaga dutsen daga ciki. A nan ne gyaran yakan zama na gangar Auzinawa.

4.0 Misalai Uku

4.1 Hannun Lawokon

A tatsuniyar yaƙin Turoyi, Lawokon mai hidimar ɗakin bauta ne wanda ya gargaɗi mutanen garinsu kada su shigar da dokin katakon da Girkawa suka bari a bakin ganuwa. Sai macizai biyu suka fito daga teku suka hallaka shi da 'ya'yansa maza biyu. A watan Janairu na 1506 aka tono mutum-mutumin da ke nuna wannan labari a wata gonar inabi a kan tudun Eskwilino, cikin birnin Rum. Mikelanjelo yana cikin waɗanda suka fara zuwa gani. Nan take aka gane shi da aikin da marubucin nan Filini Babba ya yaba a ƙarni na 1 na Miladiyya, wanda ya ce mutum uku ne 'yan tsibirin Rodos suka sassaƙa, watau Agesanda da Folidoros da Atenodoros. Fafaroma Yuliyos na II ya saye shi ya kai Batikan. Masana sun rabu biyu a kansa: wasu na ganin ƙirƙirar mutum ukun ce, wasu na ganin sun kwafo shi ne daga wani tsohon aikin tagulla.

An same shi babu hannun dama na uban. Wajen 1532 aka sa Montorsoli, almajirin Mikelanjelo, ya yi masa sabo, shi kuwa ya miƙar da hannun sama sosai, kamar mai ƙoƙarin yakice macijin ya jefar. An daɗe ana ba da labarin cewa Mikelanjelo kansa yana ganin hannun a lanƙwashe yake, amma miƙaƙƙen aka ɗauka, kuma ko da aka sake hannun daga baya, wannan tsayuwar aka bi. Fiye da shekara 400 haka Turai ta san Lawokon. Haka Winckelmann ya gan shi lokacin da ya rubuta tarihin fasahar mutanen dā a 1764, haka kuma yake sa'ad da Lessing ya buga littafinsa mai sunan wannan mutum-mutumi a 1766. Haka aka zuba shi a filasta aka rarraba wa makarantun zane.

Wajen 1905 wani masanin kayan tarihi mai suna Ludwig Pollak ya ga guntun hannu na mabul a wurin wani mai sassaƙar dutse a Rum. Hannun a lanƙwashe yake, da guntun maciji a jikinsa. Ya ba Batikan kyauta, aka ajiye shi a ma'aji har shekara hamsin. Sai tsakanin 1957 da 1960 Filippo Magi ya kwance gyare-gyaren baya, ya gwada hannun, aka ga ya zauna daidai a kafaɗar. Yanzu gwiwar hannun ce a sama, tafin ya koma wajen ƙeya.

Bambancin ya wuce na gaɓa ɗaya. Miƙaƙƙen hannu yana nuna jarumi mai kokawa wanda har yanzu da sauran ƙarfinsa. Lanƙwasasshen hannu yana nuna mutumin da maciji ya riga ya rinjaya, ya karya masa lago. Montorsoli bai taɓa fuskar ba, amma ya sauya abin da mai kallo yake karantawa a cikinta.

4.2 Ƙafafun Hakulis

Misali na biyu ya nuna cewa ba kullum rashin sani ke kawo gyara ba. Wajen 1546 aka tono wani ƙaton Hakulis, mai tsawon fiye da mita 3, a kufan gidan wankan sarki Karakalla, wanda aka buɗe a shekara ta 216 ta Miladiyya. Mai kwafin ya sa sunansa a jiki, Gilikon mutumin Atina, siffar kuwa ta Lisifos ce ta ƙarni na 4 K.M. Jarumin ya gaji, ya jingina da kulkinsa wanda aka rufa wa fatar zaki, ya ɓoye 'ya'yan itacen zinariya a hannunsa ta baya. An same shi ba ƙafafu, sai gidan Farnese suka sa Guglielmo della Porta ya yi masa.

Ba a daɗe ba aka tono ƙafafun asali. Abin mamaki, sai aka ƙi mayar da su. An ce Mikelanjelo ne ya ba da shawarar a bar na della Porta, domin a nuna cewa masassaƙan zamani ba su gaza na dā ba. Ƙafafun asali suka zauna a hannun gidan Borghese, sai a 1787, shekarar da aka ɗauke mutum-mutumin zuwa Nafoli, aka mayar masa da su. Watau fiye da shekara 200 ana sane da inda na gaskiya suke, aka zaɓi na aro. A gidan tarihi na Nafoli an ajiye ƙafafun della Porta kusa da shi, mai ziyara ya kwatanta da idonsa.

4.3 Ɗan Wasan da Aka Mayar Jarumin Tatsuniya

Misali na uku shi ne ya fi nuna ikon mai gyara a kan suna. Wajen 450 K.M. Miron ya yi mutum-mutumin wani saurayi ya sunkuya ya murɗa jiki zai wurga faifan jifa. Romawa sun kwafe shi sau da yawa, amma abin da aka fara tonowa gangar jiki ce kawai, babu kai babu hannuwa, kuma babu wanda ya gane ta. Wani masassaƙi Bafaranshe mai suna Monnot, wanda ya rasu a 1733, ya karkatar da ɗaya daga cikinsu ya mai da ita mayaƙin da ya faɗi ƙasa yana kāre kansa, tana nan a gidan tarihi na Kafitolino. Wata kuma da aka tono cikin shekarun 1770 aka sa mata kai da hannuwa, aka ɗora mata ɗan gunkin Atina, aka ce Diyomidis ne yana sace gunkin daga Turoyi, aka sayar wa Lord Lansdowne na Ingila.

Sai a 1781 aka tono kwafi mai kai da hannuwa a Rum, asiri ya tonu. Duk da haka, wanda aka samu a 1791 a kufan fadar sarki Hadiriyan da ke Tiboli, aka sayar wa Charles Townley, an ɗora masa kai yana duban gaba, alhali na Miron waiwaye yake yi yana duban faifan. Yana nan a gidan tarihi na Biritaniya a Landan, kuma hotonsa ya shiga littattafai da yawa da wannan kai nasa.

5.0 A Cire ko a Bari?

Tun dā akwai abin da aka ƙi taɓawa. Gangar jikin nan ta Belbedere, mai ɗauke da sunan Afoloniyos ɗan Nesto, ba a taɓa ƙara mata kome ba saboda girman da masassaƙa ke ba ta. Amma ra'ayi bai juya sosai ba sai a farkon ƙarni na 19, lokacin da Lord Elgin ya nemi Canova ya gyara sassaƙe-sassaƙen da ya kwaso daga ɗakin Fatenon na Atina, Canova ya ƙi. Gwamnatin Ingila ta saye su a 1816 aka nuna su da karayarsu. Daga nan ido ya fara sabawa da guntu, har ya zamana rashin hannuwa bai hana Binus ta Milo, wadda aka samu a 1820, yin suna ba.

A ƙarni na 20 sai aka koma ɗaya gefen, aka shiga cire gyare-gyaren dā. A Munik, cikin shekarun 1960, an kwance duk abin da Thorvaldsen ya ƙara wa mayaƙan ɗakin bauta na Ejina, waɗanda su ainihin aikin Girkawa ne. Abin da aka tarar ya sanyaya wa mutane jiki. A ƙarƙashin gyaran babu karayar asali, sai wuri datsattse mai santsi da ramukan ƙusa, domin mai gyara ya riga ya share ta. An rabu da aikin ƙarni na 19, ba a kuma dawo da na ƙarni na 5 K.M. ba. Hakulis na Lansdowne, wanda aka tono a Tiboli wajen 1790, J. Paul Getty ya saya a 1951, shi ma an tuɓe masa gyaransa cikin shekarun 1970, sa'an nan aka mayar masa cikin shekarun 1990, da aka ga tuɓewar ta ɓata tsayuwarsa kuma ta shafe wani babi na tarihinsa.

Afolo na Belbedere ya ga duk waɗannan matakai. Kwafi ne na ƙarni na 2 na Miladiyya, daga aikin tagulla da ake danganta wa Liyokaris na ƙarni na 4 K.M. Montorsoli ya ƙara masa hannun hagu da damtsen dama wajen 1532. A 1924 aka cire su, daga baya aka mayar. A 2019 aka ga ƙafafunsa suna tsagewa, aka janye shi aka yi aikin shekara biyar, aka sa masa tokare ta baya domin ya rage wa ƙafafun nauyi. Da aka sake nuna shi a watan Oktoba na 2024, an sauya hannun hagu na Montorsoli da wani zubi da aka ɗauko daga guntun filastar Baya, wadda masana suka gane cewa daga jikin na tagullar aka zuba ta. Ke nan an yi gyara na huɗu, amma wannan karon da shaida a hannu, kuma ta yadda za a iya kwance shi ba tare da an cuci dutsen ba.

Ƙa'idar da aka tsaya a kanta ta fito ne daga littafin Cesare Brandi na 1963 da Yarjejeniyar Benis ta 1964. Taƙaitaccen abin da suka ƙunsa shi ne: gyara ya tsaya inda shaida ta tsaya, kada a ci gaba da zato. Abin da aka ƙara ya dace da sauran jiki, amma mai duba da kyau ya iya bambance shi. Kuma abin da zamunan baya suka ƙara shi ma tarihi ne, ba a yar da shi sai da hujja mai ƙarfi. Idan aka auna misalanmu da wannan ma'auni, za a ga dalilin da ya sa aka cire hannun Lawokon, domin na asali ya bayyana, aka kuma bar mayaƙin Monnot yadda yake, domin yanzu ya zama aikin ƙarni na 18 mai zaman kansa.

6.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa abin da muke kira sassaƙar Girka galibi kwafin Romawa ne wanda masassaƙan Italiya suka cike giɓinsa tsakanin ƙarni na 16 da na 19. An kuma nuna cewa cikon yakan sauya ma'ana, kamar yadda ya faru ga Lawokon, ko ya sauya suna ɗungum, kamar yadda ya faru ga ɗan wasan Miron. Cire cikon kuma ba ya mayar da dutse yadda ya fito daga hannun mai kwafi, balle yadda Bagirken ya zuba shi a tagulla.

Abin da ya rage gare mu masu koyarwa shi ne mu kula da hotunan da muke nuna wa ɗalibai. Littafin da aka ɗauki hotonsa kafin 1957 zai nuna Lawokon da miƙaƙƙen hannu, wanda ya zo daga baya zai nuna shi a lanƙwashe, kuma ɗalibin da ya ga duka biyu yana da haƙƙin a faɗa masa dalili. Shawarar da za a bayar ita ce, duk lokacin da aka ɗora irin wannan hoto a gaban aji, a sa ɗalibai su yi tambaya uku: wa ya ƙago siffar, wa ya kwafe ta, wa kuma ya gyara ta, a wace shekara? Ɗalibin da ya saba yi wa dutse waɗannan tambayoyi zai yi wa rubutaccen tarihi irinsu, zai nemi sanin inda shaida ta ƙare da inda mai ba da labari ya cike da nasa.